Harsashin da Aka Ciro a Cinyar Kofur

Kakana na wajen uba tsohon soja ne, kuma ba ya bari kowa ya manta. Duk unguwarmu a Kazaure Kofur ake ce masa. Ya je yaƙin Bama, abin da muka gada daga yaƙin kuwa gwangwanin biskit ne cike da harsasai, sai ɗingishi. An ce akwai wani kwat mai maɓallan tagulla, amma asu ya riga ni ganinsa.

Labarin ɗingishin na sha shi har ya ginshe ni. Kullum da la'asar abokansa tsofaffi suna taruwa a zaurenmu, shi kuma ya miƙe ƙafar dama ya dafa cinya. Harsashin Japan ne a ciki, in ji shi, kuma shi ke gaya masa hadari tun kafin gabas ta yi baƙi. Wata rana a bakin kogi aka harbe shi. Wata rana maharbin a kan bishiya yake. Akwai shekarar da har giwa ta shigo labarin, daga baya ta fita ba sallama. Tsofaffin nan ba su taɓa tambaya ba. In aka yi baƙo a unguwa, zaurenmu ake kawo shi ya ga mutumin da yake yawo da harsashin Japan, kamar yadda ake kai shi ya ga dam.

Shekarar da na gama sakandare cinyar ta kumbura. Aka kai shi asibiti Kano, aka yi masa aiki, ya dawo da abin a 'yar kwalba an naɗe shi da auduga. Wani baƙin dunƙule ne kamar ƙwallon dabino. Ba ya bari a taɓa. Sai dai ya ɗaga kwalbar a hasken ƙofa, tsofaffi su yi salati.

Lokacin man fetur ya buɗe wa gwamnati ido, ta gina wannan ta gina wancan, har ta rasa abin yi ta koma neman tsofaffin kaya. An yi sabon ofis a garin, an ajiye akwatin gilashi a bakin shiga, ba komai a ciki. Sai ga wani jami'i daga Kano cikin mota sabuwa, ko ledar kujeru bai cire ba, yana zagaya Babura da Roni da Gwiwa yana karɓar takubba da kwari da baka. Aka nuna masa gidanmu. Ya leƙa gwangwanin, ya ga kwalbar, ya ji labarin, ranar na bakin kogi aka ba shi. Ya ce duk yana so. Amma kowane harsashi sai an yi masa kati: mene ne, daga ina, sannan wanda ya bincika ya sa hannu cewa gaskiya ne. Ya nuna yadda ake karanta gindin kwanson harsashi, inda ake buga shekarar ƙira. Ya ce zai biyo in ya dawo daga zagaye.

Ina zaune gida ina jiran sakamakon jarrabawa, ba aikin fari ba na baƙi, don haka aikin ya faɗo kaina.

"Amarya," in ji Kofur, don haka yake kirana, "yau bokonki zai yi rana. Ni in faɗa, ke ki rubuta."

"Ni in duba, sannan in rubuta. Ango da ba haƙori ba ya ba ni umarni."

Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, na juye gwangwanin a faranti. Kakata, wadda muke kira Iya, tana gefe tana tsinke zogale, ta juya mana baya kamar ba ta ji.

Ban yi nisa ba na gane yaƙin Bama ya daɗe fiye da yadda aka koya mana a makaranta. Na ɗauki wani kwanso na goge gindinsa.

"Wannan a ina ka samo?"

"A ramin da muka kwana, gab da kogi."

"Shekarar da ke jikinsa, a ita aka haife ni."

Ya karɓa ya juya shi, shi da ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. "To na yaran nan ne da suka dawo daga yaƙin basasa. Sukan zo gaishe ni. Cire shi."

Na cire. Na cire wani. Na sami ɗaya da aka toshe bakinsa da tsumma, na buɗe, kwalli ya zubo mini a cinya.

"Nawa ne," in ji Iya, ba ta ko waiwayo ba. "Tun bara nake nemansa."

Akwai kuma wanda na rantse cewa bakin famfon keke ne. Kofur ya ce na Jamus ne. Na ce Jamus ba su je Bama ba. Ya ce ai kekensu ya je. Duk wannan bai dame shi ba, dariya ma yake. Na gaskiyar suna da dama, masu shekarun yaƙin a gindinsu, na yi musu katunansu na sa hannu da zuciya ɗaya. Waɗanda ban gane ba na rubuta ban gane ba. Da na cire rabin gwangwanin ma ba zai ce uffan ba. Kwalbar ce ransa.

"Saura babban," na ce.

"Wannan ba ya bukatar dubawa. Likita ya duba."

"Likita cirowa ya yi. Miƙo."

Ya miƙo kamar mai ba da jariri. Ina da maganaɗisu da na ɓalle daga mataccen rediyon babana, na kuma tuna malamin kimiyya ya ce dalma da tagulla ba sa binsa. Na bi da shi kan harsasan farantin, ko motsi ba su yi ba. Na kusantar da shi ga na kwalbar. Tun kafin in kai, abin ya yi tsalle ya manne.

"Ƙarfe ne," na ce.

"To Japan ba su da ƙarfe ne? Gutsuren bam ne."

"Jiya harsashi ne."

"Jiya ba ki tambaya da kyau ba."

Wannan amsar ta kusa kayar da ni, don gutsuren bam ƙarfe ne. Da ni mai haƙuri ce da na tsaya nan, kowa ya huta. Ni kuwa ban taɓa iya barin abu rabi ba. Na ɗebo toka da lemun tsami na hau dirza. Baƙin ya fita. Gefe ɗaya sarar maƙeri ce, a fili. Ɗaya gefen kuwa a mulmule yake, ƙasansa ya side, irin na abin da ya shekara yana tsaye a kan ƙasa.

Ban san Iya ta taso ba sai da na ji numfashinta a wuyana. Ta ɗauki abin, ta kai shi kusa da ido. Sai ta zauna daɓas tana dariya, har zogalen ya kife.

"Ƙafar tukunyar innata," in ji ta. "Ashe tana nan."

"Ke," in ji Kofur.

"Ni ɗin. Yarinya aikin gwamnati take yi."

Ta ba ni labarin a gabansa, tana tsince zogale daga ƙasa. Malam, don ba ta kama sunansa, ya dawo daga yaƙi ko ƙwarzane babu. Ya gan ta a kasuwar Roni ya nace. Ƙauyen su Iya yana gindin dutse, birai suna saukowa su yi ɓarna a dawa, yayanta yana gadin gona da bindiga adaka. Dalma ta ƙare masa, ya karya ƙafa ɗaya ta tukunyar ƙarfen uwarsu, maƙeri ya sassara masa. An riga an gaya wa soja kada a ƙara ganinsa a hanyar rijiya. Da rana tsaka ya shiga cikin dawa ya laɓe yana jiran ta wuce da tulu. Kara ya motsa, yaya ya saki wuta.

"Ya ce ya ɗauka biri ne," in ji Iya. "Biri mai kwat da maɓallai."

A gidan su Iya aka yi jinyarsa, kunya ta sa aka rufe maganar, ita kuma ta ce tunda an rage masa ƙafa saboda ita, ba ta auren kowa sai shi. Da suka tare a Kazaure mutane suka ga tsohon soja yana ɗingishi, suka haɗa da kansu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kogin da giwar daga baya suka zo. Tukunyar kuwa da dutse aka tokare ta har uwarsu ta rasu, kuma ba ranar da ta ɗora girki ba ta yi wa ɗanta faɗa ba.

Na zaci Kofur zai yi musu. Bai yi ba. Ya zauna yana kallon ƙafarsa. Ya riga ya gayyato tsofaffin zaure su zo ranar da jami'i zai karɓi kwalbar. In na faɗi abin da na gani a gabansu, mutumin da Japan suka kasa kashewa zai koma wanda aka harba a gonar dawa a madadin biri. Na san tsofaffin nan. Har ya mutu ba za su ƙara kiransa Kofur ba.

"Amarya," ya ce a hankali, "ban ce ki yi ƙarya ba. Na ce ki rubuta Bama."

"Hannuna za a sa a ƙasa, ba naka ba."

"Hannun nan ni na riƙe shi na kai ki makaranta, duk unguwa ana zagina."

Gaskiya ne, kuma ya ba ni haushi da ya zama gaskiya. Ban rubuta Bama ba. Ban rubuta tukunya ba. Na bar katin fari, na daina shiga harkarsa, shi ma ya daina ce mini amarya. Iya kaɗai ke cin abinci da daɗi a gidan.

Ranar da jami'in ya dawo zaure ya cika. Aka aiko in kawo katuna. Na yafa mayafi na durƙusa a bakin ƙofa. Mutumin sauri yake, ko injin motarsa bai kashe ba. Ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya, ya ce aiki ya yi kyau, sai ya tsaya.

"'Yan mata, wannan ba komai a kai. Ba ki bincika ba?"

"Na bincika, ranka ya daɗe."

"Daga jikinsa ya fito?"

"Daga cinyarsa. Likita ya ciro."

"Harbinsa aka yi?"

"Harbinsa aka yi."

"Wa ya harbe shi?"

Ban kalli Kofur ba, amma ina jin carbinsa ya tsaya. Bakina kuma ba ya jiran shawarata, tun ina ƙarama.

"Wani ne da ba ya son ganinsa a wurin. An gargaɗe shi, ya shiga. Yana laɓe cikin ganye aka same shi."

"Abokan gaba ke nan," in ji jami'in. Ya zaro alƙalami ya rubuta da kansa: Harsashin abokan gaba. Ya miƙo mini.

Na karanta sau biyu ina neman ƙaryar da ke ciki. Na taras da yayan Iya a raye, kuma har ya bar duniya bai taɓa cin tuwo kwano ɗaya da Kofur ba. Na sa hannu.

Tsofaffi suka yi kabbara. Ɗayansu ya ce ko giwar ma ya kamata a rubuta. Da mota ta tashi, Kofur ya ɗingiso cikin gida ya tsaya a kaina.

"Amarya, ko Bama ba ki sa ba. Wannan boko naku ba ya cika aiki."

"Je ka kai ƙara wurin Japan."

Da aka buɗe ofishin, Iya ta ce sai an kai ta. Na riƙe mata hannu muka je. Harsasan gaskiya, waɗanda na ɓata idona ina karanta gindinsu, an zube su a kusurwa, katunansu a cakuɗe. Ƙafar tukunya kuwa ita kaɗai a tsakiya, a kan jan ƙyalle. Iya ta manna goshi a gilashi ta ce in karanta mata. Na karanta.

Ta daɗe tana kallo.

"Allah ya jiƙan yaya," in ji ta. "Shi da ko Kano bai taɓa zuwa ba."