Matan da na yi wa sutura

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar littattafan waƙoƙin Faransanci ɗari da wani abu a gidanmu da ke garin Bowie, nan ƙasar Turawa, tsofaffi masu zane a ciki. Tun yana ɗalibi a Yamai yake tara su. Ni ban san baƙi ba, amma na san warinsu, kuma har yau in na shiga ɗakin da yake ajiye su sai na yi kuka. Wasiyyarsa ɗaya ce: a kai su ɗakin karatun jami'a gaba ɗaya, da sunansa.

Ana gobe addu'ar bakwai na tuna a ɗakin nan malamai za su zauna. Cikin zanen kuwa akwai mata tsirara. In wani ya miƙa hannu ya buɗe, me za a ce da mamacin? Na dama sitaci, na yayyanka tsohon kallabina, na bi shafi shafi ina liƙa wa kowace mace ƙyalle. Littafi tara na yi. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan na fita takaba 'yata ta kawo wata Baturiya daga jami'ar. Tun a ƙofa ta ce ba sa karɓar littafin da aka ɓata, 'yata tana fassara mini. Baturiyar ta fara duba na sama, a hankali, kamar mai tsintar shinkafa. Taran suna ƙasa. Na kawo shayi, ta ƙi, wai ba a ajiye ruwa kusa da takarda.

Da ta buɗe na farkon taran, sai ga ƙyallen.

"Inna!" in ji 'yata. "Wannan ba kallabinki ba ne?"

"Nawa ne."

"Wasiyyar Baba, Inna! Me kika yi?"

Baturiyar ta taɓa gefen ƙyallen da farce, ta yi tambaya.

"Wai da wane gam?" in ji 'yata.

"Sitacin da nake sa wa rigunan ubanki."

Baturiyar ta sake tambaya, wai ba a haɗa da komai ba? Na rantse. Ta sauke numfashi. Ashe su ma da sitaci suke gyaran takarda, kuma danshi kaɗan yake sakin shi. Za su karɓa, amma taran sai sun yi watanni a hannun mai gyara, kuma wani tabon ba zai fita ba.

Na dangwala yatsa a takardarsu. 'Yata ta ɗauki kwalaye zuwa mota, ba ta yi mini magana ba sai washegari.