Ranar da Malam Ya Rufe wa Iyayenmu Baki

Ko da zan tsufa har haƙorana su zube in manta hanyar gidanmu, ba zan manta abin da ya sami malaminmu na lissafi ba, shekarar da nake aji biyu a wata sakandare da ke Damba, cikin Gusau.

Wani kwas Malam ya je na 'yan kwanaki, ya dawo ya fi ƙarfinmu. Ya shigo aji riƙe da alli da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera, ya wurga shi ta taga, ya ce daga yau an daina karatun mutanen da. Zai buɗe mana guruf a waya, ya riƙa turo darasi ta bidiyo muna kallo a gida. A aji kuwa sai ya shigo ya ce, "Kun ga abin da na turo? To madalla," ya zauna yana latse-latse.

Ni a lokacin hankalina ba a kwance yake ba. Baba ya rantse in na sake faɗuwa lissafi sai na maimaita aji, ke nan in zauna benci ɗaya da ƙanwata, yarinyar da ko tari na yi sai ta kai labari gida.

Abin da ba a koya wa Malam a kwas ba shi ne, duk ajinmu babu mai waya. Da ya ce kowa ya kawo lamba, sai kowa ya kawo ta gida. Na ba da ta Baba. Abokina ya ba da ta kakansa, wani Alhaji manomi a Furfuri, mutumin da in ya fara gaisuwa da hantsi sai azahar ta riske shi bai kai kan tambayar dabbobi ba.

Malam na tura darasin farko, sai ga saƙon murya daga Alhaji: "Salamu alaikum jama'ar wanga wuri. Kun tashi lahiya? Ya gida, ya ɗiya, ya ruwa? Ina gaida Malam, ina gaida iyayen Malam..."

To a ƙasarmu wa ya isa dattijo ya yi gaisuwa a yi masa shiru? Kowa ya amsa, sannan kowa ya gaida wanda ya amsa. Mahaifiyar wata 'yar ajinmu, Kirista mai shago a kasuwa da kowa ke ce wa Mama, ta shiga turo addu'ar safe da hoton furanni, ana ta zuba mata amin. Kafin a ankara an fara barkar haihuwa, an fara tallar atamfa, har da cigiyar akuyar da ta ɓace a Karakkai. Mai neman darasin Malam sai ya yi ta jan allon waya sama har yatsansa ya yi kanta.

Ranar kasuwar Tsafe kuwa makarantata gaba ɗaya ke shiga aljihun Baba ta hau mota. In ya dawo na ce, "Baba, a ara mini waya in yi karatu," sai ya ɗaga mini hannu.

"Kai, ba ka jin Alhaji na magana?"

Ran da na samu ta zo hannuna, na duba babu bidiyon. Na tambaye shi.

"Wani abu ne mai nauyi ya cika min waya, na goge shi. Mutum na ta zane-zane, ko sallama bai yi ba."

Jarrabawa na matsowa, ni kuwa abin da na sani a duniya shi ne kuɗin ragon layya da sunan duk wanda aka yi wa haihuwa a Bungudu. Ƙanwata har ta fara share mini wuri a bencinsu.

Sai Allah ya yi wa yayan Alhaji rasuwa, Alhaji ya sanar a guruf. Malam ya ga dogon saƙo, ya ɗauka gaisuwar ce da aka saba, bai ko saurara ba. Ya kulle guruf yadda shi kaɗai zai iya magana, ya rubuta: "Nan wurin karatu ne, ba dandalin hira ba." Baba na tsakiyar ta'aziyya waya ta ƙi karɓa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ran da na fasa masa gilashin babur.

Ana gama zaman makoki sai ga iyaye a makaranta, manyan riguna da mayafai har bakin ofishin shugaba. Mu kuwa muka maƙale a taga kamar ƙadangaru.

"Wanga yaro ne?" in ji Alhaji, yana nuna Malam da sanda. "Ni za ka ruhe ma baki ran da ɗan'uwana ya rasu, ko kabari ba a kai shi ba?"

Malam ya fara, "Alhaji, ai tsarin zamani ne ya..."

"Zamani ya hana gaisuwar mutuwa?"

Mama ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Malam, mu ma a coci ba a yin haka. Kuma tun da ka buɗe abin nan ka taɓa amsa gaisuwar wani?"

Mutumin da ke yi mana Turanci kamar ruwan famfo sai ga shi a durƙushe yana "Allah ya jiƙan rai" da murya irin ta ɗan tsako. Shugaba ya sa ya buɗe guruf nan take, sannan ya miƙa masa kwalin alli a gaban kowa.

Washegari Malam ya tsaya gaban allo, ya yi ta rubutu har gashin girarsa ya yi fari. Abin haushi, ashe ya iya koyarwa! Ya bi da mu a guje, na tsallake da ƙyar, da makin da ko kaza ba za ta yi fahariya da shi ba. Amma dai na wuce aji uku, ƙanwata ta yi kwana da kwanaki ba ta kula ni.

Abin da na koya shi ne, kafin ka ce za ka koyar da yaro ta waya, fara tambaya a aljihun wa wayar take kwana. In ta ubansa ce, to ka shirya yin sallama kafin ka fara lissafi.