Sunan da ke Kusurwar Allo

Duk wanda ya yi yawo a Sabon Gari kafin zuwan injin buga hotuna, ya karanta hannun Nehemiah Jatau ko da bai san fuskarsa ba. Shi ya rubuta allon mai gyaran agogo na bakin tasha, da na matar nan mai busasshen kifi, da na rabin coci-cocin unguwar Muchia, har da na wata makarantar Islamiyya a Dogarawa, wadda sai da ya yi mako guda a gaban malaminta yana koyon lanƙwasar baƙaƙen. A kusurwar ƙasa ta dama, ƙanana kamar sawun tsuntsu a kan laka, za ka ga kalmomi biyu: Jatau, Muchia.

A reluwe ya koyi sana'ar yana saurayi, wurin wani dattijo mai rubuta lambobi a jikin taragu. Dattijon ya koya masa jan layi da zaren da aka shafa wa alli, da riƙe numfashi idan burushi ya zo kwana. Ya kuma gaya masa cewa nauyin da ka rubuta a jikin tarago shi za a loda masa, in ka ƙara, wata rana gada ce za ta ji a jikinta. Daga nan Jatau ya samo ɗabi'ar da ta sa wasu ke ce masa mai taurin kai: ba ya rubuta abin da bai gani da idonsa ba. In ka ce ya rubuta maka "Abinci mai zafi", sai ya zo da rana tsaka ya taɓa jikin tukunya. Wani mai kantin magani ya taɓa so a sa masa "Likita" a gaban sunansa, Jatau ya ce a nuna masa takarda. Har yau allon mutumin sunansa kawai ke jiki, da wani fili fari a gabansa.

Shekara talatin da shida yana riƙe da shago ɗaya a bakin kasuwa. Amma zuwa shekarar 2006 aiki ya ja baya. Samari sun buɗe wuraren buga allon talla na ƙyallen leda da inji, ka kai magana da safe ka karɓa da yamma, har da hotonka kana murmushi, kuma ba mai tambayarka ko gaskiya ne. Gwangwanayen fentin Jatau suka fara yin fata a sama saboda rashin buɗewa. Ya riga ya gaya wa matarsa Ƙauna cewa in damina ta faɗi ba wani babban aiki, zai mayar da makulli ya koma gida.

Ana saura wata biyu ruwa ya sauka, wata farar mota ta tsaya a ƙofar shagon. Wani dogo mai waya biyu a hannu ya fito, ya ce sunansa Oluwole, shi ke kula da harkokin Raphael Doguwa.

A lokacin ba sai an gaya wa kowa wane ne Raphael Doguwa ba. Waƙoƙinsa na bishara suna tashi daga motocin haya, da shagunan aski, da ɗakunan ɗalibai a Samaru. Ɗan cocin su Jatau ne, a gabansu ya girma. Yanzu ya gina wani katafaren gida a hanyar Samaru: zaure mai cin mutum dubu, da ɗakunan baƙi a sama.

"Baba, aiki ne babba," in ji Oluwole. "Allon ƙofa, da katanga gaba ɗaya, da motocinmu uku. Sai ka shekara kana yi. Oga ya ce kai yake so, ba leda ba."

"Me za a rubuta?"

"Gidan Addu'a da Sujada."

"To, madalla. Sai na zo na gani."

"Ka ga me, Baba? Ga hoton ginin nan."

"Addu'ar," in ji Jatau.

Ba hassada ce ke damun Jatau game da Raphael ba, son sani ne. Ya daɗe yana juya abin a ransa. Shi harafi ɗaya kan ci masa awa guda, kuma in ya gama allo, allon na mutum ɗaya ne, a ƙofa ɗaya. Raphael kuwa ya buɗe baki sau ɗaya a gaban na'ura, minti biyar, sai numfashin nan ya shiga kaset ya bazu har Jos da Yola, yana ta aiki mai shi yana barci. Ta yaya iskar bakin mutum ke zama bene? Kuma in ta zama, tasa ce duka, ko akwai rabon tsofaffin matan da ya tsotsi waƙa a bakinsu? Sai dai duk lokacin da ya kusa yanke cewa abin ya yi yawa, sai ya tuna ranar da aka binne ƙanensa. Ya daure bai yi kuka ba tun daga asibiti har bakin kabari, sai da aka sa wata waƙar Raphael a lasifika, ƙirjinsa ya buɗe kamar an cire sakata. Nawa ne kuɗin wannan? Bai sani ba. Shi dai bai taɓa rubuta allon da ya sa wani kuka ba.

Ya je ranar Juma'a, ya tarar da biki. Amarya da ango a kan kujeru masu ruwan zinariya, ana ta liƙi, kuɗi na zuba kamar ganyen ɗorawa. Ya koma Asabar, ya tarar da walimar wani da ya samu ƙarin girma. Ya yi tunanin Lahadi ce ranar, don haka da aka tashi daga coci ya hau acaɓa ya je. Ƙofa a kulle, maigadi na wanke babur.

Ranar Talata da la'asar ya sake komawa, don ba ya son ya zalunci gini. Zauren shiru, kujeru a kife. Yana shirin juyawa sai ya ji wani sauti mai zurfi, bum, bum, irin na tulun da ake bugawa a baki da tafin hannu. Ya bi sautin zuwa wani ɗan ɗaki a jikin ƙofar shiga, inda aka ajiye siminti lokacin gini. Mata tara ne a ciki, a kan benci biyu, da tuluna da kacau-kacau. A tsakiyarsu ga Mama Edith, mahaifiyar Raphael, wadda ta yi shekara ashirin tana jan waƙa a Zumuntar Mata.

"A'a, Malam Jatau! Shigo mana, ko ka zo taɓa mana tukunya ne?" in ji Mama Edith.

Matan suka fashe da dariya, don duk sun san halinsa.

"Me ya hana ku babban zauren, Mama?"

"Wancan? In ka yi waƙa a ciki sai ta dawo maka kamar tana gardama da kai. Kuma na haya ne, kullum da mai shi. Nan ya ishe mu."

Ya zauna a bakin ƙofa har suka gama. Sun yi addu'a domin marasa lafiya, da masu neman aiki, da ruwan sama, suna kiran kowa da sunansa.

Washegari Raphael da kansa ya karɓe shi a sama, ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya saba tun yana ƙarami, ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Jatau ya faɗi abin da ya gani kwana huɗu, bai ƙara ba bai rage ba.

Oluwole ne ya yi saurin baki. "Baba, bari in gaya maka gaskiya. Lauya ya ce in wurin ibada ne, masu haraji ba ruwansu da shi. Kuma mutanen nan sun san hannunka. In sun ga Jatau a ƙasan allo, ko shiga ba za su yi ba."

Sai a lokacin Jatau ya gane abin da aka zo saye. Ba iya rubutunsa ba ne, ƙananan kalmomin nan biyu ne na kusurwa.

Raphael ya harari Oluwole, sannan ya matso. "Baba, ni ɓarawo ne? Sisin wa na ɗauka? Shekara nawa ina yawo da jita a bayan a-kori-kura, ina kwana a benci a coci-cocin ƙauye, wa ya zo ya ce ga gudummawa? Yanzu da Allah ya buɗa, kowa ya san hanyar gidana. Rijiyar burtsatse biyu na haƙa a Dogarawa. Marayu talatin nake biya wa makaranta. In na ba masu haraji kuɗin nan, ka rantse mini zai koma ramukan hanyar da ka biyo?"

"Ba zan rantse ba, ɗana. Ban gani ba."

"To?"

"Amma matar nan mai ƙosai a ƙofar shagona, kullum sai ta yanki tikitin haraji kafin man suyarta ya yi zafi. Ita ma ba wanda ya rantse mata."

"Ita ma da ta samu hanya da ta bi."

"Wataƙila," in ji Jatau. Kuma da gaske yake, don ya san matar.

A gida, suna cin tuwo da yamma, ya kwashe duka ya gaya wa Ƙauna. Ta ajiye cokalin miya ta dube shi.

"Baban Lovelyn, yau kai ne mai wa'azin haraji? Kai da masu karɓar haraji suka shigo layinku, ka shige bayan allon mai akwatin gawa ka yi lamo har fenti ya kama maka riga? Ni na wanke rigar nan, kananzir kwalba guda ta ci."

"Wannan tun zamanin soja ne."

"Zamanin soja ba haraji ba ne?"

Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa ya ce, "Na ɓuya, ban musa ba. Amma kaina na ɓoye. Ban ɗauki burushi na rubuta 'Jatau ba ya nan' na sa hannu a ƙasa ba."

"To ai ana addu'a a gidan. Da kunnenka ka ji."

"A ɗakin siminti."

"Ɗakin siminti ba a cikin gidan yake ba?"

Wannan tambayar ta bi shi kwana biyu. Ya auna ta ta nan, ya auna ta ta can. Mata tara a ɗaki ɗaya, awa biyu a mako, za su iya ɗaukar nauyin sunan bene guda? Da tarago ne, da ya san amsa. Ƙauna ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai ta ce masa, tana shara, "Shagon naka ne, sunan ma naka ne. Ka zaɓi wanda za ka iya kwana babu shi."

Ya nemo katako mai kyau, tsawon hannu ɗaya, ya goge shi har ya yi santsi kamar tafin hannun jariri. Ya buɗe gwangwanin shuɗi, ya yaye fatar da ta rufe shi, ƙamshin fenti ya cika shagon kamar a da. Kwana uku yana kansa. Ranar Talata ya naɗe shi a tsohon zane ya tafi hanyar Samaru.

Ya buɗe a gaban Raphael. Fararen haruffa a kan shuɗi: Ɗakin Addu'a, Talata ƙarfe huɗu. A kusurwa, Jatau, Muchia.

"Wannan na ɗakin Mama ne, kyauta. Babban allon kuma, in kana so, zan rubuta maka Zauren Biki da Masaukin Baƙi, da ruwan zinariya, yadda mai tahowa daga Kwangila zai karanta bai rage gudu ba. Shi na gani."

Raphael ya daɗe yana kallon ɗan allon. Ya shafa harafin farko da yatsa, ya yi wata 'yar dariya marar sauti.

"Baba, ba ka canza ba."

"Kai ma muryarka ba ta canza ba. Ita ce dai nake so in san farashinta."

"In ka gano, ka gaya mini," in ji Raphael. Ya raka shi har ƙofa, ya tsayar masa da acaɓa, amma bai ce ya dawo ba.

Kafin mako ya zagayo an ɗaure wani ƙaton ƙyallen leda a saman ginin, da hoton Raphael ya ɗaga hannu sama, da kalmomin da Oluwole ya faɗa tun farko. Kusurwarsa ba sunan kowa. Ko masu haraji sun shiga, ko sun wuce, Jatau bai taɓa ji ba, ko da yake ya tambayi maigadin sau biyu.

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen Afrilu. Ya kwashe burusansa da zaren alli a buhu ɗaya, ya miƙa makulli. Wani mai sayar da katin waya ya karɓi shagon. Yanzu a gindin mangwaron gidansa yake aiki, in aikin ya zo: lambar gida, sunan mamaci a jikin gicciye, wani lokaci allon mai niƙa. Ɗan shuɗin allon yana nan inda Mama Edith ta sa aka kafa shi, a saman ƙofar ɗakin siminti, kuma duk Talata abin da ya ce haka yake.

Wata rana da hantsi yana jan layi, kaset ɗin Raphael na juyawa a tsohuwar rediyonsa, Ƙauna ta fito da tsintsiya ta tsaya a kansa.

"Mutumin da ya sa ka rasa shago, shi kake saurare? To gaya mini, ya cancanci benen nan ko bai cancanta ba?"

Jatau ya riƙe numfashi har burushi ya gama kwana, sannan ya ɗago.

"Ban gama gani ba tukuna," ya ce. Ya miƙa hannu ya juya kaset ɗin.