Yajin Kwamfutar Vasemaca

Shagona na ɗinki da shagon Vasemaca bango ɗaya ya raba su, bangon ma na falanki, saboda haka duk abin da ya same ta a garinmu Labasa ni nake fara ji. Sunana Sashi. Ni nake ɗinka riguna, ita take buga musu rubutu: rigunan 'yan ƙwallon zari-ruga, na mawaƙan coci, na dangin da suka haɗu taron biki.

Vase 'yar mai fenti ce. Babanta Apenisa shi yake rubuta sunayen motocin bas da na kwale-kwale, kuma tun ba ta kai tsayin taya ba take riƙe masa gwangwani. Da hannunsa ya fara rawa ta karɓi buroshin. Da buroshi ya daina ciyar da gida ta sayi kwamfuta, lokacin ta haura arba'in, ta koyi manhajar zane da yatsa ɗaya. Har yau da wannan yatsan take aiki, kuma duk abin da take rubutawa sai ta faɗe shi da baki. Mijinta Livai direban motar rake ne. 'Yarsu ɗaya, Lanieta, tana aikin jinya can ƙetare a birnin Auckland, tana auren wani dogon yaro mai shiru-shiru, Orisi, ma'aikacin kwamfuta. Tsakanin Vase da surukin nan nata gaisuwa ce kawai. Idan ya shigo ɗaki ta tuna tana da rogo a wuta, idan ta shigo ya tuna bai rufe mota ba.

Wata Laraba da safe ta faɗo shagona ba takalmi, ta rungumi gunkin da nake gwada riguna a jikinsa ta hau rawa da shi.

"Sashi, ajiye almakashin nan. Lani ta sauka. Mace ce, kuma sunana aka sa mata."

Gilashin wayarta ya tsage, ita kuwa ta ce ba za ta fara ganin takwararta ta cikin tsaga ba, sai a babban allo. Muka shiga shagonta. Manhajar kiran bidiyo ta ce ba za ta yi aiki ba sai an sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya. Tambayoyi suka yi ta fitowa, Vase tana danna "na yarda" ba ta ko karantawa.

"Ki duba dai abin da suke cewa," in ji ni.

"Yau ko gidana suka roƙa na ba su, har da Livai a ciki."

Kwamfutar ta mutu ta farfaɗo, ta sake mutuwa ta sake farfaɗowa, can sai ga jaririya ta cika allo, fuska a yamutse, gashi tuli. Vase ta yi kuka, ta yi dariya, ta leƙa waje ta kira masu gwaza da masu kifi, kowa ya shigo ya rantse hancin nata ne.

Bayan cin abincin rana Maikeli ya zo. Shi ne kyaftin ɗin samarin ƙauyen su Livai, suna da gasar zari-ruga ranar Asabar. Na riga na ɗinka rigunansu, rubutu ya rage. Vase ta danna manhajar zane, wani ɗan akwati ya fito ya ce wannan manhaja ba ta dace da sabon tsarin ba. Ta sake dannawa, akwatin ya sake fitowa. Da wata rana ce da unguwa ta ji muryarta. Ranar kuwa sai ta kwashe da dariya.

"Ka ga ikon Allah, Maikeli. Na samu jika, kwamfuta ta yi yaji."

Ta tono tsohon faifan manhajar daga ƙarƙashin gwangwanayen fenti, ta goge shi da gefen zani ta zura. Koren layi ya fara tafiya, ya kai tsakiya ya tsaya cak, sannan ya koma baya. Na ce a kashe a kunna. Mai kantin magani ya leƙo ya ce ƙwayar cuta ce. Livai, da ya faka motarsa cike da rake a bakin titi, ya ce a ba shi wuri ya ɗan buga mata gefe, haka yake yi wa rediyonsa. Kowace shawara Vase ta gwada, kowace ta ƙi, ita kuwa tana waƙar reno tana juya kujera.

Daga ƙarshe ta kira Lanieta a waya. Lanieta ta saurara daga gadon asibiti, ta ce, "Ga Orisi," ta miƙa masa.

Vase ta gyara zama ta sunkuyar da kai. A cikin wayar Orisi ma ƙasa yake kallo, jaririya a kafaɗarsa.

"Lani," in ji shi a hankali, "ki ce wa Mama, in ba takura, ko za ta taimaka ta juyo da wayar wajen allon."

"Lani," in ji Vase, "ki ce wa baban yarinya an juyo."

"Ni haihuwa na yi ɗazu, ban zo tafinta ba," in ji Lanieta, ta ja bargo ta juya baya.

Haka dole ta sa suka fuskanci juna. Orisi ya ce tsohon faifan ya tashi aiki, sabuwar manhaja za a sauke ta intanet, kuma kafin nan sai an kwashe ragowar tsohuwar, don ita ke tare hanya. Yana faɗa yana ba da haƙuri, ita tana dannawa tana cewa "to, ranka ya daɗe," ni da Maikeli muna toshe baki. Aka share tsohuwar. Da aka zo sauke sabuwar, kwamfuta ta ce ba wuri. Hotunan bukukuwan rabin garin ne suka cika ta, Vase ta ce ko ɗaya ba za a goge ba. Na aro ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta wajen mai shagon waya muka kwashe su, tana tsayar da mu a kan kowace amarya don ta faɗi wadda ta yi ƙiba tun daga lokacin.

Sai kwamfuta ta nemi kalmar sirri kafin ta bari a ɗora sabuwar manhajar. Vase ta ɗaga yatsa, ta fara rubutawa tana faɗa da ƙarfi kamar kullum.

"Ƙa, far, bel, be, la."

Livai ya fice waje yana tari. Wannan sunan ta laƙaba wa Orisi ranar da ya fara zuwa neman aure da gajeren wando, kuma a makon ne ta sauya kalmar sirrin. Ta rufe baki da hannu biyu. Orisi ya dubi ƙafafunsa, ya ɗago.

"Mama, ai na sani. Baba ya gaya mini tun ranar biki."

Dariya ta ƙwace wa Vase har ta zamo daga kujera ta zauna a ƙasa. Orisi ya yi ta yi shi ma, kafaɗarsa tana girgiza, jaririya ta farka ta tsala kuka, Lanieta ta tashi ta zage su duka biyun. Kafin a natsu koren layin ya kai ƙarshe, manhaja ta buɗe.

Abu ɗaya ya rage. Manyan haruffan nan masu kauri da ake sa wa rigunan wasa sun ɓace a sabuntawar, manhaja ta maye gurbinsu da masu lanƙwasa irin na katin biki. Orisi ya ce zai nemo mata na asali washegari. Vase ta karkata kai ta kalli allon, ta ce ita dai sun yi mata kyau, ai gidan yana cikin biki. Maikeli ya buɗe baki zai yi magana, ta cusa masa rogo da kifi a hannu, ta kunna na'urar yanka haruffa.

Ranar Asabar samari ƙatta suka fito fili da sunayensu a baya suna lanƙwasa kamar reshen fure. 'Yan ɗaya ɓangaren suka tambaya wace ce amaryar. Sun ci wasan farko, an fitar da su a na biyu, kuma kafin a tashi matan coci biyu sun zo sun ce irin wannan rubutun suke so. Vase ba ta ko juyo ba. Tana bakin layi, ta ɗaga waya sama don Orisi ya ga fili, suna musu a kan wanda ya kamata ya miƙa ƙwallo.

"Kai dai riƙe mini takwarata da kyau," take ce masa. "Me ka sani a zari-ruga?"