Ƙwayar da Na Niƙa a Kunun Alhaji

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Guangzhou ta ƙasar Sin ina saro wa mutanenmu kaya, na yi wa wani abokina ɓarnar da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Mutumin Maraɗi ne, ya ba ni kusan shekara goma, kuma ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Panyu. Alhaji nake ce masa.

Wata Talata muna lodi a sito, ya hau kan diloli yana duba lambar kayansa, ƙafarsa ta zame ya faɗo a kan ƙarfen amalanke, ƙarfen ya same shi a tsakanin ƙafafu. Ya miƙe yana cewa ba komai. Da ya shiga bayi, sai jini. A asibiti aka ce hanyar fitsari ce ta yage. Aka yi tiyata aka ɗinke, aka sa masa robar fitsari da jaka. Likita ya ce robar za ta yi sati uku, kada a kuskura a taɓa ta. In ɗinkin ya kama, Alhaji zai koma kamar da. In ya warware, to ba ya alkawarin zai sake riƙe fitsari.

Alhaji kuwa akwai kunya. "Don Allah, ɗan'uwa, kada mutanenmu na kasuwar Canaan su ji inda na ji ciwo," in ji shi. "Ka ce musu ƙugu ne." Shi ya sa jinyar ta zama tawa ni kaɗai.

Ranar Juma'a aka sallame mu. Na je karɓar magani, matar da ke bayarwa ta ɗaga wani kwali tana magana a waya, wayar tana mayar mini da Turanci. Ni kuma hankalina yana Masallacin Huaisheng, ina tsoron kada in rasa huɗuba. Sai na yi mata abin da muke yi wa masu shago in sun cika surutu, ina gyaɗa kai ina "haw, haw, shishe," wato to, to, na gode. Ban ji ko rabin abin da ta faɗa ba. Kuma ku ji girman kai: don na taɓa zaman shekara biyu a kemis ɗin kawuna a Kano, gani nake babu abin da wani zai koya mini a kan ƙwaya.

Ashe Alhaji ba ya iya haɗiyar magani. Ƙato guda, mutumin da zai tashi da kan rago shi kaɗai, amma ƙwaya ɗaya ta sa shi kakari har da hawaye.

"A gida uwar yara daka mini take yi ta zuba a kunu," ya ce.

"Haba Alhaji, wannan ne matsalar? Mahaifiyata ma haka ta yi mana."

Muna da garin kunu da na zo da shi daga gida. Na dama, na ɗauko magungunan. Biyu suka niƙu da bayan cokali. Ta ukun ta ƙi, sai zillewa take yi. Na ce kai, wannan wace irin ƙwaya ce kamar tsakuwa? Na sa gindin kofi na murƙushe ta da ƙarfin tsiya, har ina jin na yi bajinta.

Ranar farko ya ce yana jin jiri. Na ce ƙarancin jini ne, na sayo hanta na soya masa. Rana ta biyu ma haka. A ta uku da hantsi ya sha kununsa, ya ɗan jima, ya miƙe zai je ya zubar da jakar. Taku biyu ya yi, idonsa ya juya, ya zube. Igiyar robar ta maƙale a ƙarfen gado ta fizgo ta gaba ɗaya. Ihun da ya yi, wallahi ban taɓa jin babban mutum ya yi irinsa ba.

A asibiti likita ya tambaye ni yadda yake shan maganin. Na kwatanta masa da hannu. Mutumin nan ya cire tabarau ya dafe goshi. Ya ce wannan ƙwayar tana sassauta hanyar fitsari, kuma da gangan aka yi ta da tauri, don ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan daga safe zuwa wata safiyar. Ni kuma na fasa ta, maganin yini guda ya afka masa lokaci ɗaya, jininsa ya sauka, shi ne jirin. Sai ya kira aka kawo wani kwali, ya ɓallo wata 'yar ƙwaya ya nuna mini. Irin aikinsu ɗaya, amma ita a kan harshe take narkewa, ko ruwa ba ta buƙata. An yi ta ne musamman don masu wahalar haɗiya.

"Me ya sa ba ka faɗa mana ba?" ya ce.

Na zura hannu a aljihu. Da na duba takardar maganin, ga shi nan an rubuta da Turanci ƙarara kada a tauna, kada a niƙa. Kwana uku tana aljihuna.

Aka sake tiyata. Ta yi, amma ba duka ba. Fitsari yana ɗiga masa ba tare da ya sani ba. Na durƙusa a gefen gadonsa zan ba shi haƙuri, ya tare ni. "Tashi, ɗan'uwa. Ni na ce ka daka. Abin da Allah ya rubuta ne." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Bayan wata biyu ya koma gida, bai sake zuwa Sin ba, don ba zai iya doguwar tafiya a jirgi ba.

Tun daga nan na daina gyaɗa kai a kan abin da ban gane ba. Ko maganin mura aka ba ni sai na tsaya na tambaya, in ana ganin na cika naci a gani. Amma wannan hankalin ni ya amfana, shi bai mayar masa da komai ba.

Bara na je Maraɗi gaishe shi. La'asar ta same mu a ƙofar gidansa, maƙwabta suka shimfiɗa tabarma. Alhaji ya fi kowa karatu a wurin, ya fi ni nesa ba kusa ba, don haka na ja baya ina jiran ya shige. Sai ya dafa kafaɗata, ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

"Shige gaba, ɗan'uwa. Ni yanzu ba na jan salla."

Na shige na yi kabbara. Raka'a huɗu na yi da shi a bayana, kuma ban taɓa yin sallar da ta yi mini nauyi kamarta ba.