Gidan Mudir da Ke Bayan Tudu

Mun tashi da asuba daga Riyad ranar Alhamis, ina sallame salla mai tasi ya kira ya ce yana ƙofa. Sanyin farkon Disamba ne, irin wanda mutanen garin nan ke fito masa da manyan riguna sai ka ce ƙanƙara za a yi. Daga unguwarmu Gubaira muka biya ta arewacin gari muka ɗauki abokan tafiyata biyu: shugaban sashenmu, Bature ɗan Ingila da kowa a wurin aiki ke kira Mudir, da matarsa da nake ce wa Madam.

Ga wanda bai san sana'ata ba, ni injiniyan na'urorin sanyaya gini ne. Da ni da Mudir duk da yaƙi da rana muke cin abinci, shi ma ya haura shekara ashirin yana yi. Kwantiraginsa zai ƙare bayan azumi, a ƙasar nan kuwa ranar da aiki ya ƙare iƙama, wato takardar izinin zama, ta ƙare, sai haɗa kaya. Gidansu na Ingila sun sayar tun tuni, abin da suka tara kuma ba zai saya musu na kirki a garinsu ba. Shi ya sa ya nemi tsohon gida a wani ƙauye a tsakiyar Faransa, inda suke da sauƙi. Shi kaɗai ya je ya gani a watan Yuli, lokacin Madam tana jinyar hannayenta, don tana fama da sanyin ƙashi. Kafin mu taso ya sa hannu a yarjejeniyar farko ta intanet. Dokar can ta ba mai saye kwana goma ya janye ba tare da asara ba, in suka wuce to ciniki ya ɗaure shi. Ni an ɗauke ni ne in auna gidan, in faɗi irin na'urar ɗumama ɗaki da za a sa.

Babu wanda bai ga hoton gidan nan ba a ofishinmu, har masu kawo shayi. Bangon dutse mai kauri, tagogi 'yan ƙanana, ga ƙaton tudu mai bishiyoyi ya tsaya masa a baya. Mudir yakan nuna da ɗan yatsa ya ce, "Dubi inuwa, Muhandis," wato injiniya da Larabci. Mu kuma mu haɗa baki mu ce masha Allah. A garin da manyan ma'aikata ke gaba da juna a kan wurin ajiye mota mai rumfa, wa zai ga inuwa ya kushe?

A filin jirgin Faris na sha dariyata ta farko. Mudir ya miƙe kai tsaye zuwa layin 'yan Tarayyar Turai kamar yadda ya saba a da, wani ma'aikaci ya duba fasfonsa ya nuna masa layin baƙi. Sai ga shi a bayana, ni da koren fasfona. Tun da ƙasarsu ta fice daga tarayyar, wata uku kawai zai iya yi a jere, ko da gidan nasa ne. In zama yake so, sai ya nemi biza kamar kowa. Na ce masa barka da zuwa layinmu, mu mun daɗe a ciki.

Daga Faris jirgin ƙasa muka shiga zuwa Limoj. Hanya duk kore ce, shanu jajaye masu ƙiba suna kiwo ba makiyayi. A cikin jirgin na sayi gahawa ɗan mitsitsin kofi, kuɗinsa sai ya sayi shawarma biyu a unguwar Dira ta Riyad, na shanye a kurɓi ɗaya ina salati. A Limoj muka yi hayar mota. Tuƙin can sai da ya ba Mudir wahala, ba don cunkoso ba, don rashinsa. Hanyoyin ƙauye ƙanana ne masu lanƙwasa, kuma in ka tsaya a shataletale kana tunani, na bayanka sai ya jira ka shiru. Mu da muka saba da hon ɗin Riyad, shirun ne ya riƙa ruɗa mu.

Mun sauka a wani ƙaramin masauki a saman ƙauyen, don ba a kwana a gidan da ba a gama saye ba. Abinci dai na tsaya a kan burodi, cuku, ƙwai da kifi. Burodinsu dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri, cikinsa laushi, kuma gaskiya ban taɓa cin irinsa ba. Da tsakar rana sai na ga duk shaguna sun rufe, na ce ashe su ma suna rufewa lokacin salla. Madam ta ce a'a, na cin abinci ne, kuma ko gobara ake yi ba sa gaggauta shi.

Ranar Juma'a dillaliyar gidan, wata Baturiyar Ingila da ta daɗe a yankin, ta zo ta buɗe mana. Gidan yana can ƙasa a cikin kwari. Yayyafi ake yi, gari ya lulluɓe, don haka duhun ɗakunan bai dame mu ba. Na lura da ɗan warin danshi, da baƙi-baƙi a kusurwar bangon kicin, na rubuta a cikin abin da za a gyara. Mudir kuwa baki har kunne. Yana ta shafa bango yana nuna wa Madam inda za a sa kujerarta. Ita kuma ta fita cikin ruwan nan tana taka lambu, tana auna inda za ta shuka tumatir. Ta gaya mini shekara ashirin tana renon na'ana'a a tukunya bayan labule, yanzu ƙasa take so ta gaske.

Da yamma muka je wurin notar, wato lauyan da doka ta ɗora wa cinikin gidaje, ba a saye ba a sayarwa sai ta hannunsa. Dattijo ne mai natsuwa, da tafinta a gefensa. Ya bi mu da rahotanni ɗaya bayan ɗaya: na wayoyin lantarki, na tsohon fenti, na ƙwarin da ke cin katako, har da na ramin bahaya, wanda aka ce dole a sake shi. Na jinjina wa mutanen nan, komai sai sun bincika sun rubuta. Abin da babu a cikin tarin takardun ban gane shi ba sai washegari.

Asabar gari ya waye tas, sama shuɗiya ba ɗigon gajimare. A masaukinmu rana har kan tebur ɗin karin kumallo. Muka gangara gidan na ci gaba da awo. Da lokacin azahar ya yi na fita lambu da dardumata. Tun ina yaro na saba, kafin in duba agogo sai na dubi inuwata. Na duba ƙasa ban ga inuwa ba. Ciyawar da nake tsaye a kai fara ce fat da raɓar da ta daskare tun dare, ba ta narke ba. Na ɗaga kai, can tsallaken kwari rana ta haske rufin maƙwabta, wata mata tana shanya. Na buɗe alƙibla a waya, sai na ga tudun nan da muke yabo a kudu yake. A Faransa kuwa da hunturu rana ta kudu take bi, ƙasa-ƙasa, ba ta hawa tsakiyar kai irin tamu. Tsakar rana ce sosai, amma ko saman bututun hayaƙin gidan ba ta taɓa ba.

Na yi sallata a kan sanyin nan, na koma ciki. Na tarar da Madam zaune a kicin da fulas ɗin shayi a cinya, tana ta fama da murfin. Yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa. Ba ta kira kowa ba, sai da Mudir ya juyo ya gani ya karɓa ya buɗe mata.

Da dillaliya ta zo rufe gida na tambaye ta yaushe rana ke shigowa lambun. Ba ta ɓoye ba. Ta ce daga ƙarshen kaka sai wajen Fabrairu take dawowa. Ta ce duk wanda ya zo daga Ingila tambayarsa ta farko ke nan, ina rana take faɗowa, shi ya sa gidan ya daɗe bai samu mai saye ba. Ta kalli Mudir ta ce shi kaɗai ne ya zo a tsakiyar zafi, ya tsaya a lambu ya ce abin da ya fi burge shi inuwa, ita kuma ta ɗauka ra'ayinsa ne.

A hanyar komawa masauki Madam ta yi gaba, Mudir ya riƙe ni a baya.

"Muhandis, gaya mini tsakani da Allah. Da gyara?"

Na ce, "Mudir, ɗumi zan iya sa maka a kowane ɗaki, danshin ma a rage shi. Tudun ne ba ni da na'urarsa."

Ya waiwaya ya dubi gidan. Na ji tausayinsa ƙwarai, don na san ba gida kawai ya saya a ransa ba, ya riga ya tare a ciki tun watan Yuli.

Lahadi komai a rufe yake a ƙauyen in ban da gidan burodi da safe. Mudir ya wuni yana gangarawa kwarin shi kaɗai, ya tsaya a bakin shinge ya dawo, ko Allah zai sa rana ta leƙo ta wani gefe. Madam ba ta ce masa a saya ba, ba ta ce a fasa ba. Ta ɗauki kujera ta zauna a ƙofar masauki inda rana take. Da la'asar ya dawo ya same ta a nan, ya tsaya yana kallonta, sannan ya ce mata gobe za su gidan waya.

Litinin da safe aka aika takardar janyewa ta wasiƙa mai rajista, don haka dokarsu ta ce, waya ko saƙon intanet ba sa wadatarwa. Ma'aikaciyar ta buga hatimi ta miƙo rasit, Mudir ya ninke ya sa a aljihu ba tare da ya duba ba. Saura kaɗan wa'adin ya cika. Muka sayi cuku da zuma na tsaraba, muka kama hanyar Limoj.

Mun sauka Riyad ranar Talata da hantsi. Na saba da zarar an fito daga filin jirgi kowa sai ya ruga neman rumfa, ni ma ƙafata can ta nufa. Da na waiwaya sai na ga Madam ta tsaya a fili tsakiyar rana, ta ajiye jakarta, ta buɗe tafukan hannunta sama tana motsa yatsu a hankali. Mai tasi yana ta kiran yalla, yalla, wato mu yi sauri. Mudir ya ɗaga masa hannu ya ce ya dakata, ya ja akwatunan ya je ya tsaya kusa da ita.

Alhamdu lillahi mun dawo lafiya, amma mun dawo ba gida, kuma azumi na ƙaratowa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, ƙasar da ka daɗe a cikinta tana sauya maka ido ba ka sani ba, sai ka je wani wuri ka zaɓi abin da ya dace da inda ka baro. In za ka sayi gida a ƙasar da ba taka ba, je ka gan shi a lokacin da ya fi muni, kuma ka tafi da wanda zai wuni a cikinsa. Mudir ya cire tsohon hoton daga kwamfutarsa. Jiya ya kira ni ofis ya nuna mini wani gidan, ƙarami, ba bishiya ko ɗaya a gabansa, rana ta dake shi ko'ina. Na buɗe baki zan ce wannan ai zai yi zafi, sai na tuna da murfin fulas ɗin nan, na ce masa ya tura wa Madam.