Tankin Feshin Da Na Wanke A Tafki

Wallahi abin nan ya faru da ni, wanda bai yarda ba ruwansa. Shekarar da na gama sakandare ne, ina ƙauyenmu can bayan Gagarawa Tasha, damina ta yi nisa. Muna da wani tafki da ciyawa ke fitowa a ƙarƙashin ruwansa, doguwa, koriya shar, a cikinta kifi ke yin ƙwai, ita ke sa ruwan ya kwanta har ki hango ƙasa. To tun da maganin kashe ciyawa ya shigo, kowa ya fesa gonarsa sai ya gangaro nan ya ɗauraye tanki. Ciyawar ta ruɓe ta yi baƙi, ga yauƙi kamar miyar karkashin da ta kwana uku, wari kuwa, tir!

Ran nan Yaya Sani ya dawo daga gonar riɗi ya ce, "Ke, tashi ki wanko min tankin nan." Na tafi ina ƙunƙuni, rana tsaka, na tuttule ragowar maganin a ruwa, sai na ji an ce, "Yarinya, a kaina?"

Wata tsohuwa ce cikin ruwan iya wuya, ban santa ba, alhali garin nan babu wanda ban sani ba. Ta kai hannu kanta ta jawo, sai ga ruɓaɓɓiyar ciyawa ta biyo yatsunta har da tsutsotsi, fatar kan jajur. Ni kuma bakina ba ya shiru, na ce, "Haba Iya, ai kowa nan yake wankewa."

Ta ce, "Ke na gani." Ta nutse, ko kumfa babu.

Bayan kwana uku Inna tana min tsifa, sai ta yi salati ta ture ni. Baƙar ciyawar nan ce take zarowa daga kaina, gashina yana biyo ta. Asibiti suka ce maganin ne ya taɓa ni, ni kuwa na rantse ɗankwalina ko jiƙewa bai yi ba. An yi rubutu, an yi turare, gefen hagu har yau fayau yake, kuma duk damina sai warin ya dawo, mai kitso ma ta ce in nemi wata.

Don Allah in kun yi feshi, ku haƙa rami ku wanke ƙazantarku a can. Ba ku san kan wa kuke zuba wa ba.